Rubutun Ƙusa a Cikin Bonet

SHAFI NA 19

Masu turo mini saƙo tun Talata cewa na bar Duha tsaye a kasuwar motoci da makulli a hannu, ku huce, ga ta nan ta taso. Ku dai ba ta hanya, har yanzu ba ta gama iya ribas ba.

*

Ranar Juma'a da hantsi Duha ta haye gadar Farin Nilu a cikin motarta. Tata ta kanta, ba ta aro ba. Tun daga Alsahafa take murmushi ita kaɗai, duk wanda ya danna mata hon sai ta ɗaga masa hannu, a zatonta barka yake yi mata.

Shekara huɗu tana hawa mota uku kafin ta isa kantin maganin da take aiki, mota uku kafin ta dawo gida Dar Salam. Yau ga ta cikin tsohuwar 'yar Jamus fara mai faɗin kujera, injin yana tafiya lafiya lau, ko tari babu. Mitar gabanta tana nuna kilomita dubu ɗari da sittin da biyu, kuma don wannan lambar ta saya. Ta yi karance-karancenta a waya, ta tambayi abokan aiki, ta yanke cewa duk motar da ta haura dubu ɗari biyu, ko kyauta ce ba ta so.

Haisam ne ya samo mata ita. Haisam dillalin motoci, mai zoben baikon da ke yatsanta, wanda saura mako biyar a ɗaura musu aure. Kafin ya shiga dillanci, shekara shida ya yi yana aiki a garejin mahaifinta. Jiya kafin ta sa hannu a takarda sai da ta tsare shi da ido.

"Haisam, kai dillali ne, ni kuma na san dillalai. Ka yi wa duk Khartum daɗin baki ban damu ba. Amma ranar da ka yi mini ƙarya a ciniki, ka zo ka karɓi zobenka."

Ya dafa ƙirji, ya nuna mitar da haɓa.

"Wallahi hannuna bai taɓa addad ɗin nan ba."

Ta yarda da shi. Don murna ma har ta ce wa masu wanki su wanke mata ita ciki da bai, har injin, kada su bar ko ɗigon baƙin mai.

Tun daga bakin layinsu ta jiyo guɗa. Iya ce a ƙofar gida, ta ɗaure zani a ƙugu, ga matan unguwa a bayanta, ga ragon karama, na sadakar godiya, an ɗaure a gindin dalbejiya yana cin abincinsa na ƙarshe bai sani ba.

"Mabruk, Dakta! Arabiya sai ka ce ta waziri," in ji matan suna nuna motar.

Malak maƙwabciyarsu, wadda Duha ke kira Hala, wato inna, ta zagaya motar tana shafawa.

"Masha Allah. Ai yau ta fi kyau da aka wanke ta."

Duha ta juyo.

"Yau? Dā kin taɓa ganinta ne, Hala Malak?"

Iya ta take wa Malak ƙafa, Malak ta yi tari.

"A hoto, 'yar nan. A hoton da kika turo."

Duha ba ta tuna ta tura wa kowa hoto ba, amma murna ba ta bar ta ta tsaya a kan maganar ba.

Mahaifinta, Usta Dabo, ya fito daga rumfa yana gyara hula. Shekara arba'in ya yi yana gyaran mota a Omdurman kafin idonsa ya ce ya isa. Shi ya yanka ragon a gaban tayar motar. Jinin bai gama zuba ba Iya ta tsoma tafin hannunta, ta buga a kan bonet, ta buga a ƙofofi huɗu, yatsu biyar-biyar, ja wur a kan farin fenti.

"Wannan dai ba ya cikin littafi," in ji Usta.

"Mu a Jazira ko jaki aka saya sai an yi. Ka bar ni da ido da bakin mutane, kai ka ji da ƙarfe."

Ya yi dariya ya ƙyale ta, don ya san ba a taɓa kayar da Iya a wannan shari'ar ba.

Sai ya nufi ƙofar direba. Ƙofar nan tun safe take ba Duha wahala, sai ta ja sau uku take buɗewa. Usta ya sa gwiwa ya ɗan ɗaga ta, ya ja sau ɗaya, ta buɗe. Ya zauna, ya dafa sitiyari da hannu biyu.

"Zo ki ji, Dakta. Baƙin mai duk kilomita dubu biyar. Ba dubu biyar da ɗaya ba."

"To, Baba."

"Filta ki sa na asali. Zai yi miki tsada, za ki yi tsaki, ki saya haka nan. Kayan gyaranta duk haka suke, ranar saye ranki zai ɓaci, amma sau ɗaya ake sawa a manta. Wanda ya yi mata rowar filta, injin zai saya."

"To."

"Ruwan da masu jaki ke sayarwa kada ki kuskura ki zuba mata a radiyeta, gishirinsa zai cinye ta. Mai kuwa tana sha, ba zan ɓoye miki ba. Kuma shokoban baya na hagu ya kusa, kafin damina mu canza shi."

Duha ta ɗaga gira.

"Baba, ai ko leƙawa ba ka yi ba."

"Kunne na gare ni. Na ji shigowarki."

Ya fito ya rufe ƙofar, ya koma wurin fiɗar rago.

A nan ne wani abu ya fara yi wa Duha susa a rai. Usta Dabo mutum ne da ko gaisuwar mutuwa aka zo masa da mota, kafin baƙo ya gama shan ruwa ya buɗe bonet yana faɗa a kan bel. Yau 'yarsa ta cikinsa ta kawo mota ƙofar gidansa, ya zagaya ta, ya shafa ta, ya zauna a cikinta, amma bai ce a buɗe bonet ba.

*

Da aka kira sallah maza suka tafi masallaci, mata suka shige ciki wurin tukwane. Duha ta fito da tsumma a hannu. Tun tana 'yar shekara tara Baba ya koya mata duba baƙin mai, ba ta ga dalilin da za ta jira kowa ba.

Ta ja ƙugiya, ta ɗaga bonet, ta tokare shi.

Masu wanki sun yi aikinsu tsakani da Allah. Injin fes, cikin bonet ɗin ma fes. A jikin ƙarfen kuwa, daga sama har ƙasa, rubutu ne layi-layi da aka karce da ƙusa.

Ba ta buƙaci a karanta mata ba. Usta Dabo ba ya yarda da takardar da masu canjin mai ke rataya wa a sitiyari, ya ce iska ma tana ɗauke ta. Duk motar da yake kula da ita, da ƙusa yake rubutawa a cikin bonet: kwanan wata, kilomita, sai harafin farkon sunansa. A irin wannan rubutun Duha ta koyi ƙirga kafin a sa ta makaranta.

Layin farko ya girme ta da shekara biyu. Ta bi da yatsa. Dubu arba'in. Dubu ɗari. Dubu ɗari biyu, inda ta ce ko kyauta ba ta so, ko rabin bonet ɗin ba a kai ba. Ta ci gaba da sauka har layin ƙarshe.

Dubu ɗari biyar da tamanin da bakwai.

Ta sake karantawa, lambar ba ta canza ba. Amma ba lambar ce ta fi tsaya mata a rai ba. Layi tara na ƙarshe ba hannun Baba ba ne. Lokacin idonsa ya fara rauni, wani yake sawa ya rubuta masa, kuma harafin da ke ƙarshen kowane layi na sunan Haisam ne.

Ta sauke bonet ɗin a hankali, ta koma ciki ta ci gaba da yanka albasa. Iya ta ce albasar bana akwai yaji, Duha ta ce ƙwarai kuwa.

*

Aka ci fatta da nama, aka sha jabana, kofin gargajiya, aka yi addu'a Allah ya tsare hanya. Haisam ya zo tare da masu dawowa daga masallaci, cikin farar jallabiya, da ƙanƙara a buhu, yana ta karɓar yabo.

"Wannan yaro ya iya zaɓe."

"Mota ko mata?"

Aka yi dariya, har da Duha. Ita ta zuba masa kofi da hannunta, ta ƙara masa sukari yadda yake so. Mai haƙuri ce idan ta ga dama, kuma ba ta son baƙi su tafi da labarin gidansu a baki.

Sai da la'asar ta yi, ƙofar gida ta koma daga ita sai Baba sai Haisam, sannan ta miƙe.

"Baba, zo ka duba mini baƙin mai."

Usta ya kurɓi kofi.

"Mai lafiya lau. Launin hayaƙinta ya gaya mini."

"To Haisam, kai zo ka buɗe mini kabbut." Ta nuna bonet ɗin.

"Yanzu? Ai injin da zafi."

"Tun hantsi take a tsaye."

Suka dubi juna, shi da Baba. Duha ta ga wannan kallon, ta je ta ɗaga bonet ɗin da kanta.

Haisam ya matso, ya leƙa, ya dafe kai.

"Wa ya wanke nan?"

"Ni na sa."

"Usta, na ce maka mu goge shi da sanfefa."

"Rubutun shekara ashirin da biyar zan goge?" in ji Usta. "Giris na shafa masa, na watsa ƙura. Wa ya san za a wanke?"

Duha ta naɗe hannu a ƙirji.

"Madalla. Kun rage mini aiki. Haisam, karanta mini layin ƙarshe."

"Duha, isma'i, saurara, bari in yi miki bayani..."

"Karanta."

Ya karanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Hannun wa ne?"

"Nawa."

"Jiya me ka ce mini?"

"Na ce hannuna bai taɓa addad ba. Kuma wallahi bai taɓa ba."

"Wato zama ka yi ka auna maganar, ka yanka ta daidai yadda za ta wuce ni ba ta taɓa rantsuwarka ba."

Dillalin da ke iya sayar da mota mara birki da baki kawai, yau ya rasa kalma ɗaya.

Usta Dabo ya ajiye kofinsa, ya taso.

"Rabu da shi. Ni na aike shi."

"Kai, Baba?"

"Ni. Motar Hajj Salih ce, mai shagon yadi, Allah ya ji ƙansa. Tun tana da dubu arba'in yake kawo mini ita. Da ya rasu 'ya'yansa suka rufe ta da tamfol shekara uku. Na ce wa Haisam ya je ya roƙe su su sayar."

"Me ya sa?"

"Kin tuna ƙaramar 'yar Koriyar nan mai sheƙi da kika nace a kanta?"

"Dubu saba'in kawai ta yi."

"Na sa hancina a kafet ɗinta na ji warin kogi. Ambaliya ta kwana a cikinta. Na gaya miki, me kika ce?"

Duha ta kau da kai.

"Kika ce, Baba zamaninku daban, yanzu lamba ake dubawa." Ya dafa gefen motar. "To ga lamba. Wannan injin ni na sauke shi a dubu ɗari huɗu, na mayar da shi sabo da hannuna. Giya na canza a dubu ɗari biyar. Babu ƙusa ɗaya a jikinta da ban san ranar da aka ɗaura ta ba. Sau biyu kacal ta taɓa tsayawa da Hajj Salih a hanya, ɗaya ma mai ne ya manta bai sha ba."

Ya share ido da gefen rawani, wai ƙura.

"Shekara huɗu, Duha, duk magariba ina bakin layin nan ina leƙen hanya da idon da ba ya gani. Yanzu za ki riƙa haye kubri, gadar nan, ke kaɗai. Duk Khartum babu motar da zan sa ki a ciki hankalina ya kwanta sai wannan."

Maganar ta shige ta. Tana son tsohon nan so mai tsanani, kuma ta san ko kalma ɗaya bai ƙara ba. Ta dubi layukan, shekara bayan shekara, babu tazarar da ta haura dubu biyar, ta ji motar ma ta ƙara shiga ranta. Da a nan maganar ta tsaya, da ta rungume shi an wuce wurin.

Amma ba a nan ta tsaya ba.

"To wa ya juya mitar?"

Haisam ya dubi ƙasa. Usta ya dubi dalbejiya.

"Tambaya nake. 'Ya'yan Hajj Salih?"



"Ni na riƙe masa tocila."

Iya ce a bakin ƙofa, da tiren kofuna a hannu, ko kunya babu.

"Iya?"

"Ƙarƙashin sitiyarin akwai duhu, shi kuma ba ido. Ranar Litinin kina wurin aiki aka kawo ta. Awa biyu ina durƙushe, har yanzu gwiwata ba ta dawo daidai ba. Malak ce ta tsaya mana a bakin layi ko za ki dawo da wuri."

Dariya ta ƙwace wa Duha ba ta shirya ba. Ta hango su a ranta: Usta Dabo da bai taɓa sa wa kowa tsohon filta ba yana kwance a ƙarƙashin sitiyari, Iya da tocila tana yi masa faɗan ya yi sauri, Hala Malak tana gadi. Ta yi dariya har ta dafa motar. Haisam ya ga haka ya saki numfashi, ya fara murmushi shi ma.

Ya yi saurin murmushin.

Ta goge idonta, ta miƙe tsaye sosai.

"Da kun gaya mini gaskiya fa?"

"Da kin saya?" in ji Usta.

"A'a."

"To kin gani."

"Na gani, Baba. Amma ni ce zan ce a'a ɗin. Gumina ne na shekara huɗu. Da kun zaunar da ni, ka buɗe mini kabbut ɗin nan, ka nuna mini layi-layi kamar yadda kake yi ina ƙarama. Wataƙila in ƙi yau, in yarda gobe. Sai kuka taru ku huɗu kuka yanke cewa ba ni da hankalin da za a yi mini bayani."

Iya ta ajiye tiren a ƙasa.

"Ku iyayena ne, ba ni da yadda zan yi da ku." Ta juya ga Haisam. "Kai kuwa abu ɗaya na roƙe ka."

"Usta ne ya ce..."

"Na sani. Bayan aure ma idan Usta ya ce, ko Iya ta ce, ko kai ka ga abin da ya fi mini, haka za ka auna mini magana?"

"Duha, wallahi don ke na yi."

"Na yarda. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

Ta sauke bonet ɗin, ya rufe da ƙara. Shatin hannun Iya yana nan a tsakiya, jinin ya bushe ya yi duhu. Ta ciro makullin motar ta ajiye a kai. Sannan ta kama yatsanta, ta murza zoben, ya ɗan yi gardama kafin ya fita. Ta ajiye shi kusa da makullin.

"Ke 'yar nan, mako biyar fa ya rage," in ji Iya. "Har turaren wuta na haɗa."

"Guda ɗaya zan ɗauka, Iya. Ko in riƙe motar in san an yi mini ƙarya a kanta, in sallami mai ƙaryar. Ko in riƙe shi, ya mayar wa 'ya'yan Hajj Salih motarsu, mu fara daga inda babu ƙarya, in koma hawa mota uku." Ta ja da baya taku biyu. "Tunda kun iya zaɓar mini abin da ya fi mini, bismillah. Ku zaɓa."

Usta Dabo ya buɗe baki.

"Dakta, laifin nan nawa ne, ba na yaron..."

Bai ƙarasa ba. Haisam ya riga ya matsa gaban motar. Ya daɗe yana kallon abubuwan nan biyu, ya ɗago ya dubi tsohon da ya saba tsayuwar magariba a bakin layi, ya sake dubansu.

Ya miƙa hannu, ya tsallake zoben, ya ɗauki makullin.

Ya kamo hannun Duha ya sa mata shi a tafi, ya rufe yatsunta a kai.

"Baƙin mai duk dubu biyar," ya ce. "Kada ki manta."

Ya juya ya nufi bakin layi, ko takalminsa bai tsaya ya gyara ba.

Zoben ya rage shi kaɗai a kan bonet, a tsakiyar yatsun Iya biyar.